Ranar rabon gurabe: Yadda kwamfuta ke yanke makomar masu koyon kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Amurka

A safiyar wata Juma'a cikin watan Fabrairun kowace shekara, dubban ɗalibai a Amurka da Kanada kan tashi da waya a hannu suna jiran saƙon imel guda ɗaya. Saƙon gajere ne. Ko dai ya faɗa wa ɗalibi sunan asibiti ko cibiyar da zai yi shekara guda yana aiki a cikinta, ko kuma ya shaida masa cewa a wannan zagayen bai samu gurbi ba.

Masu jiran saƙon ba yara ba ne. Yawancinsu sun shafe shekara huɗu ko fiye suna karatun digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam. Sun gama darussa, sun ci manyan jarrabawa, wasu ma sun kammala kundin bincikensu. Amma jami'a ba za ta miƙa musu digiri ba sai sun yi wannan shekara ta sanin makamar aiki, kuma rabon guraben ba a hannun jami'ar yake ba.

Wanda ya san wahalar da sabbin likitoci a Najeriya ke sha wajen neman asibitin da za su yi shekarar horonsu ta farko zai ɗan fahimci lamarin. Sai dai akwai bambanci babba. Likitan Najeriya yana neman gurbin ne da takardar digirinsa a hannu. Ɗalibin Amurka a wannan fanni kuwa, in bai samu gurbi ba, yana nan a matsayin ɗalibi, kuma a jami'o'i da yawa zai ci gaba da biyan kuɗin rajista har wata shekarar ta zagayo.

Su wane ne waɗannan ɗalibai?

Da yawa a cikinmu kan haɗa likitan ƙwaƙwalwa da masanin halayyar ɗan Adam a kwando ɗaya. Likitan ƙwaƙwalwa ya yi karatun likitanci, yana rubuta magani. Masanin halayya kuwa aikinsa zama ne da mutum, da sauraro, da gwaje-gwajen tunani, da jinya ta hanyar tattaunawa. In ban da a jihohi kaɗan irin su New Mexico da Louisiana, inda ake ba shi izini bayan ƙarin karatu, ba ya rubuta magani a Amurka.

A cikin masana halayyar ma akwai rassa. Reshen ba da shawara, wanda shi ne abin dubawarmu a nan, ya samo asali ne daga aikin taimaka wa mutane zaɓen sana'a da daidaita rayuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji sun koma gida da yawan gaske, wasu da firgici, wasu ba su san inda za su kama ba. Hukumar kula da tsofaffin sojoji ta buƙaci ma'aikata da gaggawa, sai ta zuba kuɗi wajen horas da su. A 1949 aka yi wani taro a garin Boulder na jihar Colorado, inda aka tsayar da cewa masanin halayya mai duba marasa lafiya dole ya haɗa bincike da aikin hannu, kuma shekarar horo a wurin aiki ta zama ɓangaren karatun. A farkon shekarun 1950 reshen ba da shawara ya ɗauki sunansa na yanzu a cikin ƙungiyar masana halayya ta Amurka, wato APA. Har yau asibitocin tsofaffin sojoji na cikin manyan wuraren da ake horas da waɗannan ɗalibai, tare da cibiyoyin ba da shawara da ke cikin jami'o'i.

Matakala mai hawa-hawa

Shekarar ƙarshe ita ake yi wa hayaniya, amma gwagwarmayar tana farawa tun shekara ta biyu. Ɗalibi kan fara ganin masu neman taimako ne a ƙaramin asibitin koyarwa na tsangayarsa, inda ake ɗaukar zamansa da su a bidiyo bisa yardarsu, malaminsa ya zauna ya kalla tare da shi, ya nuna masa inda ya katse mutum da magana da inda ya wuce wani abu mai muhimmanci bai lura ba.

Daga nan sai fita waje. Kowace shekara ɗalibi zai nemi wurin koyon aiki a wata cibiya: asibitin gwamnati, ko gidan yari, ko cibiyar masu fama da shaye-shaye, ko asibitin yara. Akan yi kwana biyu zuwa uku a mako, kimanin awa 16 zuwa 20, na tsawon wata tara zuwa shekara, a haɗe da darussa da bincike. Wuraren da ake kira na masu zurfin karatu, wato waɗanda ke karɓar 'yan shekara ta uku da ta huɗu, su ne ake rububi a kansu, domin a can ne ake haɗuwa da cututtuka masu tsanani da ƙwararrun masu duba aiki waɗanda wasiƙarsu ke da nauyi.

Neman irin wannan gurbi ba wasa ba ne. Sai daraktan horo na tsangaya ya amince cewa ɗalibi ya isa. Sannan ya haɗa takardar tarihin karatu da aiki, da wasiƙar neman gurbi da aka rubuta musamman don wurin, da wasiƙun shaida daga malamai, sau da yawa har da samfurin rahoton da ya taɓa rubutawa a kan wani mara lafiya bayan an goge duk abin da zai sa a gane mutumin. A manyan birane irin su New York da Chicago da yankin San Francisco, inda ɗalibai suka yi yawa, jami'o'i da cibiyoyi sun haɗu sun tsayar da ranaku guda na aika takardu da na bayar da gurbi, don kada wani ya riga wani.

Abin da ke sa matakalar ta yi zafi shi ne kowane hawa yana buɗe na gaba ko ya rufe shi. Wanda ke son ƙarewa a asibitin kwantar da masu taɓin hankali, amma duk shekarunsa ya yi su a cibiyar ba da shawara ta jami'a yana sauraron damuwar jarrabawa da rabuwar masoya, zai sha tambaya. Wannan matsala ta fi damun 'yan reshen ba da shawara, domin tsangayoyinsu, waɗanda da yawa suna ƙarƙashin sashen koyar da malanta ne, sun fi ba da ƙarfi ga tattaunawa a kan gwaje-gwaje. Sai ɗalibi ya kai shekara ta huɗu ya tarar asibitin da yake so yana neman wanda ya saba da gwajin basira na WAIS da gwajin ɗabi'a na MMPI, shi kuwa sau uku ya taɓa yi.

Ƙidayar awanni

Daga ranar farko ake gaya wa ɗalibi ya riƙa rubuta kowace awa. Da yawa suna amfani da wata manhaja mai suna Time2Track. Awannin ma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai awar zama ido da ido da mai neman taimako, akwai awar gwaji, akwai awar zama da mai duba aiki, sannan akwai awannin rubuta rahoto da shirye-shirye, waɗanda su ne suka fi cin lokaci amma suka fi ƙarancin kima a idon masu tantancewa. Ana kuma ƙirga cikakkun rahotanni, wato waɗanda suka haɗa tarihin mutum da hira da shi da sakamakon gwaji aƙalla biyu.

Cibiyoyi da dama kan rubuta ƙa'idarsu a fili, misali awa 400 ko 500 na zama ido da ido kafin ma su buɗe takardar mutum. Wannan ya haifar da abin da ake iya kira tseren awanni. Ɗalibai kan ƙara shekara guda a makaranta ba don komai ba sai don su tara. Idan mara lafiya ya yi alƙawari bai zo ba, abin da ke yawan faruwa a cibiyoyin talakawa inda mutum ba shi da mota ko mai riƙe masa yaro, ɗalibin ya yi asarar awa, ko da ya wuni a ofis. A ganina a nan tsarin ya fi karkacewa: wanda ya zaɓi yi wa mafi buƙata aiki shi ne lissafinsa ke fitowa da rauni.

Takarda ɗaya, wurare goma sha biyar

Shekarar ƙarshe tana ƙarƙashin wata ƙungiya ce mai suna APPIC, wadda ta haɗa ɗaruruwan cibiyoyin horo a Amurka da Kanada. Takardar nema ɗaya ce ake cikewa a intanet a aika wa duk wuraren da mutum ya zaɓa. Ban da jadawalin awanni da wasiƙun shaida, al'adar da aka daɗe a kai ita ce ɗalibi ya rubuta gajerun maƙaloli huɗu, kowace ba ta wuce kalma 500 ba: labarin kansa, da mazhabar jinyar da yake bi, da yadda yake aiki da mutanen da al'adarsu ta bambanta da tasa, da bincikensa.

Maƙalar labarin kai ce ta fi wahal da mutane. Da yawa sun shigo fannin ne saboda wani abu da ya faru a gidansu, kuma sai sun auna nawa za su faɗa. Wanda ya ɓoye komai ya zama kamar kowa. Wanda ya zazzage komai kuma sai a yi shakkar ko ya warke har da zai iya ɗaukar nauyin wani.

Yawancin wurare kan rufe karɓar takardu a farkon Nuwamba. Zuwa tsakiyar Disamba ake sanar da waɗanda za a gana da su, a yi ganawar a Disamba da Janairu. APPIC ta daɗe tana shawartar ɗalibai cewa wurare 11 zuwa 15 sun wadatar, domin alƙalumanta sun nuna wuce hakan ba ya ƙara wa mutum wata dama ta a-zo-a-gani. Tsoro kan sa wasu su wuce duk da haka, kuma kowane ƙari da kuɗinsa.

Zamanin wayar tarho

Kafin 1999 ba kwamfuta ke rabon ba. Akwai rana guda a watan Fabrairu da ake kira ranar zaɓe, inda cibiyoyi ke buga wa ɗalibai waya daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma. Doka ta ba ɗalibi damar riƙe tayi ɗaya yana jiran ko wanda ya fi so zai kira. A takarda abin ya yi kyau.

Wasu masana tattalin arziki biyu, Alvin Roth da Xiaolin Xing, sun yi nazarin wannan kasuwa suka wallafa sakamakon a 1997. Abin da suka gano shi ne awa bakwai ba ta isa ba. Daraktan cibiya yana tsoron ya yi wa gwarzon da ya fi so tayi, gwarzon ya riƙe shi har la'asar sannan ya ce ya samu wani wuri, a lokacin kuwa duk sauran nagari an kwashe. Saboda haka sai daraktoci suka koma yi wa wanda suka tabbata zai amsa nan take tayi, ko da ba shi ne na gaba a jerinsu ba. Hakan ya sa tun kafin ranar ake matsa wa ɗalibai su furta wurin da suka fi so, duk da doka ta hana. Mai gaskiya ya yi shiru ya rasa, mai wayo ya gaya wa wuri uku cewa kowannensu ne na ɗaya a zuciyarsa.

Yadda injin ke aiki

Tsarin lissafin da ya maye gurbin wayar ya samo asali ne daga wata maƙala da David Gale da Lloyd Shapley suka wallafa a 1962, kuma misalin da suka yi amfani da shi na neman aure ne. Roth da Elliott Peranson sun gyara shi don rabon guraben sabbin likitocin Amurka a ƙarshen shekarun 1990, sannan masana halayya suka ɗauka. Wani kamfani a birnin Toronto na Kanada mai suna National Matching Services ne ke gudanar da rabon. A 2012 aka ba Roth da Shapley lambar yabo ta Nobel a tattalin arziki saboda wannan layin aiki. Gale ya riga ya rasu a 2008.

A farkon Fabrairu kowane ɗalibi zai jera wuraren da ya gana da su daga wanda ya fi so zuwa ƙasa. Kowace cibiya ma za ta jera ɗaliban da take so. Babu mai ganin jerin wani. Daga nan kwamfuta za ta kai kowane ɗalibi ƙofar zaɓinsa na farko, kamar mai kai gaisuwar neman aure. Mu ɗauka cibiya tana da gurbi biyu, mutum biyar suka zo. Za ta riƙe biyun da suka fi sama a jerinta, riƙon wucin gadi, ta sallami uku. Ukun nan sai a kai su ƙofar zaɓinsu na biyu. Idan ɗaya daga cikinsu ya fi wanda aka riga aka riƙe a can daraja a jerin wannan cibiyar, sai a saki na farkon a riƙe shi, wanda aka saki kuma ya ci gaba zuwa ƙofarsa ta gaba. Haka za a yi ta zagayawa har a daina motsi.

Amfanin wannan ga ɗalibi shi ne ba ya asarar komai don ya sa wurin da yake ganin ya fi ƙarfinsa a sama. In bai samu ba, matsayinsa a wuri na biyu yana nan kamar shi ya sa a farko. Kowace shekara ana nanata musu wannan, kuma kowace shekara ana samun masu ƙoƙarin yi wa injin dabara, su sa wurin da suke zaton ya fi son su a gaban wanda su suka fi so, su cuci kansu.

Doka ta hana ɓangarorin biyu tambaya ko faɗin matsayin da suka ba juna. Kuma sakamakon wajibi ne. Duk inda kwamfuta ta kai mutum, matuƙar ya sa wurin a jerinsa, can zai tafi, ko da jihar tana da nisan kwana uku a mota daga inda iyalinsa suke. Ma'aurata ko masoya da ke nema a shekara ɗaya suna iya haɗa jerinsu don su faɗa gari guda.

Shekarun da gurabe suka yi ƙaranci

Injin yana raba abin da ke akwai ne kawai. Daga tsakiyar shekarun 2000 masu nema suka riƙa fin gurabe yawa, musamman da makarantu masu zaman kansu suka riƙa ɗibar ɗalibai da yawa. Abin ya kai maƙura a wajajen 2012, lokacin da waɗanda suka yi rajista suka haura 4,000, gurabe kuwa ba su wuce 3,000 da 'yan ɗaruruwa ba. Ɗaruruwan mutanen da malamansu suka shaida sun cancanta suka tashi a tutar babu.

A 2011 aka ƙara zagaye na biyu, inda waɗanda suka rasa ke sake neman guraben da suka rage cikin 'yan kwanaki, a fitar da sakamako a Maris. A 2012 kuma APA ta ware dala miliyan 3 don taimaka wa cibiyoyi su samu tantancewarta. Zuwa ƙarshen shekarun 2010 giɓin ya rufe, har aka koma ganin gurabe suna kwana babu mai ɗauka.

Maganar tantancewa ba ƙaramar magana ba ce. Cibiyar da APA ta tantance dole ta ba ɗalibi aƙalla awa huɗu na duba aiki a mako, biyu daga ciki shi kaɗai da masani mai lasisi. Wanda ya yi shekararsa a wurin da ba a tantance ba zai iya samun digiri a wasu makarantu, amma ƙofar aiki a asibitocin tsofaffin sojoji kusan a rufe take gare shi, kuma neman lasisi a wasu jihohi zai yi masa wuya.

Abin da kwamfuta ba ta gani

Rabon na ranar Juma'a adalci ne gwargwadon abin da aka shigar masa. Abin da aka shigar ɗin kuwa kuɗi ya riga ya taɓa shi. Yawancin wuraren koyon aiki na shekarun baya ba sa biyan ko sisi, alhali ɗalibin yana biyan jami'a kuɗin darasin da yake yin aikin a ƙarƙashinsa. Ga inshorar kariya daga ƙarar marasa lafiya, ga binciken 'yan sanda, ga allurai da gwajin tarin fuka, ga mota, domin asibitin da ya fi suna ba lallai ya kasance a bakin layin bas ba. Mai iyaye masu hali zai karɓi gurbi mafi kyau ko ba albashi. Mai ciyar da kansa zai ɗauki wanda ya bar masa lokacin yin wani aikin.

A da, watan Janairu kansa jarrabawar aljihu ne. Mutum zai yi ta hawa jirgi cikin tsananin sanyi daga wannan jiha zuwa waccan don ganawa goma, kowace da kuɗin masauki. Annobar korona ta 2020 ta mayar da ganawar ta bidiyo, kuma wurare da yawa ba su koma tsohon salo ba. Wannan ɗaya ne daga cikin 'yan alheran da annobar ta bari.

Shekarar ƙarshen ana biyan alawus, amma bai kai rabin abin da masani mai lasisi ke samu ba, ga aiki na cikakken lokaci da kan kai awa 2,000. Wasu kuma suna zuwa wurin ne da bashin karatu da ya haura dala dubu ɗari. Bayan digiri ma da sauran tafiya: jihohi da yawa suna buƙatar ƙarin awanni a ƙarƙashin mai duba aiki, sannan jarrabawar lasisi ta EPPP.

Idan kai baƙo ne

Ga ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana da ke tunanin wannan karatu, akwai abubuwan da ya kamata ya sani tun kafin ya biya kuɗin fom. Rabon guraben na ɗaliban da ke cikin tsangayar digirin digirgir da aka tantance a Amurka ko Kanada ne, don haka digiri na biyu daga gida, komai kyansa, ba ya shigar da mutum layin kai-tsaye. Asibitocin tsofaffin sojoji da gidajen yarin gwamnatin tarayya kuma 'yan ƙasa kawai suke ɗauka, abin da ke zabge babban kaso na gurabe daga jerin baƙo tun kafin ya fara. Mai bizar karatu ta F-1 sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa ya ba shi izini a rubuce kafin ya yi aiki a wajen harabar makaranta, kuma yadda ya yi amfani da izinin a lokacin karatu yana shafar damar da zai samu ta yin aiki bayan kammalawa.

Akwai hanya mafi gajarta ga wanda burinsa ba da shawara ne kawai: digiri na biyu, wanda a tsangayoyin da hukumar CACREP ta tantance ke buƙatar awa 100 na koyon aiki na farko da awa 600 na biyu, kuma babu rabon kwamfuta na ƙasa baki ɗaya. Sai dai a yawancin jihohi mai wannan digiri ba zai kira kansa masanin halayya ba, lasisinsa na mai ba da shawara ne.

Wanda ya nace sai digirgir, akwai jadawalin da APA ta wajabta wa kowace tsangayar da ta tantance ta wallafa a shafinta na intanet. A ciki akwai kuɗin makaranta, da shekarun da ɗalibai ke ɗauka kafin su gama, da yawan waɗanda suka watsar da karatun, da kuma adadin waɗanda suka nemi gurbin shekarar ƙarshe da waɗanda suka samu a wurin da aka tantance, shekara bayan shekara. Yawanci ana ajiye shi ne a wani ƙaramin mahaɗi a shafin farko na tsangayar, nesa da hotunan ɗalibai masu murmushi.